Mai Gwangwani a Rumfar Teloli

Mahaifina tela ne, amma a rumfar da ya yi shekara arba'in da huɗu yana taka keke babu mai kiransa tela, tunda kowa a wurin tela ne. Mai Gwangwani suke ce masa. Har mahaifiyarmu, in ranta ya ɓaci, haka take kiransa, ta ce a je a gaya wa Mai Gwangwani abincinsa ya huce. Gwangwanin da ake magana na madarar gari ne, babba, an huda murfinsa daidai shigar maɓalli ɗaya, an kuma ɗinka masa riga da ƙyallen kaki. A saman kabad ɗin ɗakin Baba yake zama. Mu biyar ne 'ya'yansa, mun sha duka a kan abubuwa da dama, amma ba a kan gwangwanin ba, don ko mai ƙiriniyar cikinmu bai taɓa gigin kai masa hannu ba.

Ni malamar tarihi ce a sakandare. Duk shekara ina tsayawa gaban allo ina ba yara labarin yadda mutanen wasu ƙasashe suka gaji da sarakunansu, suka zaunar da su, suka tilasta musu sa hannu a takarda cewa daga yau akwai abubuwan da sarki ba zai iya yi ba. Yaran su yi ta hamma, su haddace shekaru, su rubuta jarrabawa su manta. Ba na ganin laifinsu. Ni ma da a littafi na fara jin irin labarin nan, da na yi hamma. A bakin Baba na fara jinsa, kuma sarkin da ke cikin nasa labarin wani mai tumbi ne da ake kira Mai Rumfa.

Rumfar doguwa ce, rufin kwano, tagoginta takwas duk a gefe guda. Wanda kekensa ke bakin taga yana aiki da hasken Allah har yamma, masu kawo ɗinki ma shi suke fara gani. Can ƙurya kuwa, kusa da inda ake hura gawayin dutsen guga, ko da tsakar rana sai da fitila, ga hayaƙi. Mai Rumfa shi ya gaji ginin, shi yake cewa wane ya zauna nan, wane ya koma can. In ka gaishe shi ya ga gaisuwar ba ta yi tsawo ba, washegari ka tarar da kekenka a ƙurya. In ka yi magana ka tarar da shi a titi.

Baba yana da shekara ashirin da shida ranar da Mai Rumfa ya sa aka fitar da keken wani dattijo cikin ruwan sama, don kawai dattijon ya ce a gyara inda kwano ke yoyo. Baba da abokinsa Dogo, wanda muka taso muna kira Kawu Dogo, suka bi kekuna sittin da biyu ɗaya bayan ɗaya suna roƙon masu su, har kowa ya cire bel ɗin kekensa. Aka tara su a bakin ƙofa. Kwana tara ba a ji ƙarar keke a rumfar ba. Mai Rumfa ya yi zagi, ya yi barazana, ya kira 'yan sanda suka zo suka ga mutane zaune ba su daki kowa ba, suka koma. A rana ta goma ya sa hannu a takarda.

Kawu Dogo ne ya rubuta ta, don shi ne mai kyan rubutu. Mai Rumfa zai ci gaba da karɓar hayarsa, iyakarsa ke nan. Teloli su za su zaɓi shugabansu. Shugaba zai yi shekara uku, in an sake zaɓarsa ya ƙara uku, daga nan ya koma kan kekensa. Ba shi da ikon matsar da keken kowa ko da taku ɗaya sai da ƙuri'ar jama'a.

Yadda za a yi ƙuri'ar kuma dabarar Baba ce, kuma ya yi alfahari da ita har ta ishe mu. Rabin telolin ba su iya karatu ba, ɗaga hannu kuma, in ji shi, ba ra'ayinka kake ɗagawa ba, fuskar maƙwabcinka kake duba. Sai ya sayo maɓallai iri ɗaya, farare sittin da biyu, baƙaƙe sittin da biyu, ba ka iya bambance ɗaya da ɗan'uwansa. A ba kowa fari ɗaya baƙi ɗaya, ya shiga bayan labulen da ake gwada kaya, in ya yarda ya jefa fari a gwangwani, in bai yarda ba ya jefa baƙi, wanda ya rage ya saka a jaka. Bayan nan Baba ya juye gwangwanin a kan teburin yanka, a gaban kowa, ya ƙirga da ƙarfi. Shi da bakinsa ya sa aka ƙara a takardar cewa mai riƙe gwangwani ba zai taɓa zama shugaba ba. Abin da ya samu a duk wannan fafutuka shi ne taga ta uku, ita ma ƙuri'a ce ta ba shi.

Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara talatin. Shugabanni suka hau suka sauka, wasu da murmushi, wasu suna ƙunƙuni, amma duk suka sauka. Akwai wanda ya so ya ba surukinsa bakin taga, gwangwani ya hana shi. Baba yakan dawo gida ranar irin wannan yana tafiya kamar shi ya ci yaƙi, ya zauna ya ba mu labarin adadin baƙaƙen da suka fito, mahaifiyarmu ta ce to, sai a dafa su a ci.

Kada in sa ku ɗauka waliyyi ne. Baba mutum ne mai taurin kai, ga maƙo. Zai iya tsayar da ɗinki ya durƙusa neman allura ɗaya har minti goma. Guntun zaren da bai kai tsawon yatsa ba yana da wurin ajiyarsa. Wannan maƙon, da ƙaramin girman kai irin na masu sana'a, su suka ja mana abin da ya faru.

An faɗaɗa rumfar, teloli suka kai ɗari da talatin da takwas, maza da mata. Maɓallan ƙuri'a suka kasa, wasu ma sun ɓace, irinsu kuma an daina yi. Aka kawo maganar a taro. Wani ya ce a sayo sababbi. Baba ya miƙe ya ce abin kunya ne a ji teloli ɗari da wani abu suna neman maɓalli a kasuwa, alhali kowa aljihun kekensa cike yake da su. Kowa ya zo da farinsa da baƙinsa daga wurinsa, shi ke nan. Aka yi dariya, aka ce Mai Gwangwani ya yi gaskiya, aka jefa ƙuri'a aka amince. Babu wanda ya zuga shi. Na so in ce wani ne ya yi masa wayo, da na fi samun sauƙin rubuta wannan, amma shi ya kawo shawarar da kansa, yana jin daɗin hikimarsa.

Abin da ya manta shi ne abin da ya fi kowa sani: tela yana gane maɓallin ɗan'uwansa kamar yadda yake gane tarinsa. Ranar da aka fara juye gwangwanin a sabon tsari, kan maganar fentin ƙofa ce, rumfar ta kaure da shewa. Ga ƙaton baƙin maɓallin Mai Kwat, wanda shi kaɗai ke ɗinka kwat a wurin. Ga ɗan ƙaramin fari mai siffar fure na matar da ke ɗinka kayan jarirai. Ga na masu kayan makaranta, ga na masu rigunan asibiti. Aka yi ta tsokanar juna, ashe kai ne ba ka son shuɗin fenti. Baba ma ya yi dariya har da hawaye, ya zo gida ya ba mu labari.

A lokacin Kawu Dogo ya daɗe da barin keke. Ya buɗe shago a bakin rumfar yana sayar da zare, zif, allura da maɓallai, amma sunansa na nan cikin ƙungiya. Cikin maɓalli goma da ke zuba a kan teburin nan, tara daga hannunsa suka fita, kuma ya san wanda ya sayar wa kowanne.

Da aka zaɓe shi shugaba, gaskiya ya yi aiki. Shi ya kawo injin wuta, shi ya samo kwangilar ɗinka kayan makarantu da ake rabawa tsakanin teloli. Ya yi uku, aka sake ba shi uku. Saura wata takwas ya sauka, sai ya zo taro da takarda a hannu. Ya ce dokar nan ta shekara shida shi ya rubuta ta, yana yaro, yana cikin fushi. Yanzu ya ga tana korar mutum daidai lokacin da ya fara gane aiki. A cire ta. Kuma a ba shugaba ikon jera kekuna yadda ya dace, don rumfar ta yi girma, ba komai ne za a tara jama'a a kansa ba.

Aka jefa. Baƙi saba'in da ɗaya, fari sittin da bakwai. Kawu Dogo yana zaune a gefen teburin, hannu a haɓa, yana kallon Baba yana ware su. Da aka gama ya yi murmushi, ya gode wa kowa, ya ce ai amfanin gwangwanin ke nan. Takardar ta yarda a sake kawo shawarar da ta faɗi bayan wata shida, kuma kowa ya san lissafin.

A wata shidan nan Kawu Dogo bai karya doka ko ɗaya ba. Kawai dai in ɗaya daga cikin saba'in da ɗayan nan ya je sayen zare, sai a ce launin da yake so ya ƙare. In an zo rabon kayan makaranta sai a tsallake shi, wai an ga aiki ya yi masa yawa. Wayar injin da ta bi ta kan kekensa ta lalace, mai gyara ya yi ta cewa gobe. Bai yi kuskuren mutum ɗaya ba, bai taɓa ko ɗaya daga masu fari ba. Mutum ɗaya ya ƙyale cikin masu baƙi, shi ne Baba.

Sai a sannan Baba ya sha jinin jikinsa. Ya hau mota ya tafi wani gari, ya sayo maɓallai ɗari uku iri ɗaya, shi da ke durƙusawa neman allura. Ya kai su taro ya ce a koma tsarin da. Kawu Dogo ya ce madalla, shawara ce mai kyau, sai dai jama'a ce ta canza tsarin da ƙuri'a, don haka jama'a ce za ta mayar da shi da ƙuri'a, kuma sai da maɓallan da doka ta sani a yanzu. Baba ya koma ya zauna. Da wani ne ya kawo maganar, amsar da shi ma zai ba shi ke nan. Aka jefa ƙuri'ar neman sirri a bainar jama'a, kowa da maɓallinsa mai kama da fuskarsa. Mutum talatin da bakwai ne kawai suka bi bayan Baba, Mai Kwat yana ciki.

Yanzu sai in faɗi maganar idonsa. Baba yana da shekara sittin da uku a lokacin, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, an yi aiki bai yi kyau ba, ɗayan ma ya fara hazo. Ba ya iya zura zare sai ya ɗaga allurar saitin taga, daga hantsi zuwa la'asar. In rana ta karkata ya rufe keke ya dawo gida. A ƙuryar rumfar ko yini ɗaya ba zai iya ba. Ba yunwa yake tsoro ba, mun girma, muna iya riƙe shi, mun kuma sha gaya masa. Cewa yake ranar da ya zauna a gida yana jiran a miƙo masa, a fara yi masa addu'a kawai.

Saura mako ɗaya a sake ƙuri'ar tazarcen, Kawu Dogo ya zo gidanmu da yamma. Ni na kai musu shayi. Ya tambayi idon, ya ba da labarin wani likita, suka tuna kwana taran nan suka yi dariya. Da zai tashi ya dafa gwiwar Baba.

Ya ce, "Matasan ƙurya sun dame ni, wai tsofaffi sun kankane tagogi. In abin nan ya wuce dole in taɓa wasu. Amma ni na san nawa. Kai ma ka san naka, ko ba haka ba?"

Baba ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya zauna, shayinsa ya huce a gabansa.

A makon nan gidanmu bai rabu da baƙi ba. Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa, kowa yana waiwaye kafin ya shigo. Maganarsu ɗaya ce: Mai Gwangwani, kai dai ka tsaya, kai ba ya iya taɓa ka, mu muna da ƙananan yara. Wai in ya tsaya, wasu za su samu ƙarfin gwiwa. Ban ji ko ɗaya ya ce ga abin da shi zai jefa ba. Ina jin su daga tsakar gida raina yana tafasa, don na ga sun zo ne su ɗora wa tsoho mai ido ɗaya kayan da su masu ido biyu suka ƙi ɗauka.

Ranar ƙuri'ar ina wurin. Ana hutun makaranta, Baba ya manta maganin ɗigawarsa, na bi shi da shi, na tsaya a bakin ƙofa. Aka yi layi, kowa ya shiga bayan labule ya fito yana kallon ƙasa. Baba ne na ƙarshe, kamar kullum, kuma ya daɗe a ciki. Ya fito rungume da gwangwanin, ya cire murfin, ya juye.

Teburin ya yi fari fat. Baba ya sa yatsu ya baza su, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa katakon, ya sake bazawa. Sai ya fara ƙirga, da ƙarfi, yadda ya saba. Babu wanda ya yi tari. Ya kai ɗari da talatin da takwas ya tsaya, don babu sauran abin ƙirgawa. Baƙi ko ɗaya babu. Na dubi Kawu Dogo, na ga shi kansa bai zaci haka ba. Can wani ya fara tafi, sauran suka bi.

Kawu Dogo ya yi shekara goma sha ɗaya a kujerar bayan wannan, har ciwo ya kwantar da shi, ɗansa ya ɗora. Mutum talatin da bakwan da suka bi Baba, duk da sun jefa fari a ƙarshe, cikin shekara guda aka kwashe su zuwa ƙurya. Mai Kwat ya yi magana, ya tarar da kekensa a titi. Gwangwani kuwa aka ce ɓata lokaci ne, ɗaga hannu ya fi sauri.

Baba dai an bar masa tagarsa. Kawu Dogo ya cika alkawari, har sabon labule ya sa aka yi mata. Shekara biyar ya ƙara yana zama a wurin, kuma ban taɓa ganin wuri mai haske da ya zama wa mutum kurkuku irin wannan ba. Waɗanda suka yi ta sintiri a gidanmu su ne suka fara ɗauke masa kai. Suka ce ya sayar da su da taga. Su da babu wanda ya jefa baƙi a cikinsu. Har yau in na haɗu da ɗayansu a hanya, gaisuwar da ƙyar take fita daga bakina.

Mahaifiyarmu ce ta samo mana mafita. Ta ce ai idonsa ne, baƙi ya yi niyya, bai gani ba ya jefa fari. Labarin ya bi rumfar, wasu suka yarda, wasu suka taɓe baki. Ni na riƙe shi hannu bibbiyu. Na gaya wa mijina, na gaya wa 'ya'yana, na gaya wa kaina har na daina jin ƙaiƙayinsa. Baba yana ji, bai taɓa cewa e ko a'a ba.

Bayan idon ya tafi gaba ɗaya, ya dawo gida ya zauna, wata rana da hantsi Mai Kwat ya zo gaishe shi. Ya tsufa, ya rame, a ƙofar gidansa yake 'yan facin kaya tun da aka kore shi. Na shimfiɗa masa tabarma kusa da kujerar Baba, na kawo musu shayi. Suka yi hirar waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Hira ta zo kan ranar nan, sai na yi karaf na sa baki, na ce ai kowa ya sani da idon Baba lafiya yake da ba haka aka ƙirga ba.

Baba ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata.

Ya ce, "Ke, ya isa haka. Shekara nawa ina jin ku kuna yi mini ƙarya, na yi shiru. Yaushe tela ya nemi ido don ya san maɓallinsa? Baƙin nawa huda huɗu gare shi, farin huda biyu. Na tsaya bayan labulen nan na shafa su sau uku. Na san wanda na jefa."

Na rasa inda zan sa idona. Mai Kwat ya ajiye kofinsa a hankali.

Baba ya ce, "Lissafi na yi. Na ce cikin mutum ɗari da talatin da takwas ba za a rasa ashirin da za su jefa baƙi ba. Ashirin ba za su hana shi ba, amma za a ce an yi. Nawa ɗaya ba zai ƙara komai ba, ni kuma in tsira da tagata."

Mai Kwat ya ce shi ma lissafin da ya yi ke nan, har adadin ma ɗaya ne, sai dai shi cikin ashirin ɗin da ya ƙirga, Baba ne na farko. Baba ya ce ya sani.

Ba su ƙara tada maganar ba har baƙon ya yi sallama. Baba ya rasu bayan wata bakwai. Har yau ban huce da shi ba, ban huce da sauran ɗari da talatin da bakwan ba, kuma na sha tsayar da kaina a bayan labulen nan da maɓalli biyu a tafin hannu, ban taɓa fitowa ina da tabbacin wanda na jefa ba.